Gidan Robert Owen, Mai Ma'aikatar Kaɗin Auduga

A ƙasar Sikotlan, kamar mil 25 daga birnin Gilasgo, akwai wani ƙauye a bakin kogin Clyde, sunansa New Lanark. Wani attajiri, David Dale, shi ya kafa shi a 1785. Ya gina ma'aikatar kaɗin auduga wadda ƙarfin ruwan kogin ke juya injunanta, ya kuma gina wa ma'aikata gidaje.

A 1799 Robert Owen ya auri 'yar Dale, shi da abokan cinikinsa suka sayi ma'aikatar. Gidan da ya zauna ƙarami ne, na dutse, a tsakiyar ƙauyen, kusa da na ma'aikata. Daga nan ya ga halin da talakawansa ke ciki. Ya hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 10 ba aiki, ya sa kantin ƙauyen ya riƙa sayar da kaya da rahusa, a 1816 kuma ya buɗe makaranta.

Da iyalinsa suka yi yawa, sai ya ƙaura zuwa wani babban gida a bayan gari, wai shi Braxfield. Yau babban gidan nan ya zama kufai, ƙaramin kuwa yana nan tsaye. Dalili shi ne, bayan an rufe ma'aikatar a 1968, sai aka kafa ƙungiya a 1974 don gyara ƙauyen. A 2001 hukumar UNESCO ta sa New Lanark cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi suna shiga gidan Owen, suna ganin yadda ya zauna.

Watau ba girman gida ke tsare shi ba, sai samun mai kula. Haka Gidan Ɗan Hausa na Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, ya tsira don ba a bar shi ba kowa.

Ginin ƙasa kuwa bai kai dutse jimiri ba, damina kaɗan ta isa ta kā da soron da ba a yaɓe. Saboda haka ya kamata hakiman ƙasar Birnin Gwari su sa malamansu su zaga, tun daga tsohon birni, su rubuta kowane tsohon gida na sarauta ko na attajirai: wanda ya gina shi, da zamanin Sarkin da aka gina shi, da sana'ar mai shi. A tambayi dattawa tun suna da rai, gama in sun ƙaura, labarin ya bi su.