Kafin Ka Biya Kuɗin MBA, Ka San Waɗannan Abubuwa

A 'yan shekarun nan talla ta yi yawa a WhatsApp da Facebook: digirin MBA cikin wata shida, babu zuwa aji, biya kaɗan-kaɗan, takarda za ta iske ka har gida. Ma'aikatan banki da na gwamnati da 'yan kasuwa masu son a kira su da wani muƙami su ne aka fi yi wa wannan tarko. MBA dai digiri ne na biyu a fannin tafiyar da harkokin kasuwanci, kuma Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara bayar da shi a shekarar 1908. Abu ne mai daraja idan an same shi ta hanyar da ta dace, amma yana da sharuɗɗa, kuma duk wanda ya ce maka zai tsallakar da kai waɗannan sharuɗɗa, to kuɗinka yake so.

Sharaɗi na farko a jami'o'in Najeriya shi ne digirin farko daga jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince da ita. Yawanci ana neman wanda ya fita da daraja ta biyu, aƙalla wadda ɗalibai ke kira tu-tu. Ba dole ba ne ya zama ka karanta kasuwanci tun farko. Injiniya da likita da wanda ya karanta Hausa duk suna iya nema. Wanda ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difiloma ta HND, galibi sai ya fara bi ta difilomar gaba da digiri, wato PGD a fannin gudanarwa, wadda ke ɗaukar kimanin shekara ɗaya. Da sakamakonta zai nemi MBA ɗin.

Sai takardun sakandare. Mutane da yawa suna mamakin yadda za a nemi sakamakon WAEC ko NECO daga magidanci mai 'ya'ya biyar, amma haka tsarin yake: kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Lissafin nan shi ne ke kayar da mutane. Akwai wanda ya samu shiga jami'a a zamaninsa ba tare da kiredit a Lissafi ba, saboda fannin da ya karanta bai buƙata ba, sai ya zo neman MBA ya tarar ƙofa a rufe. Gara ka duba takardarka tun kafin ka sayi fom. Haka nan za a nemi takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara 30, ko wasiƙar keɓewa ga wanda ya yi karatun wucin gadi.

Transkirif kuwa, wato cikakken sakamakon darussanka daga tsohuwar jami'arka, shi ne abin da ya fi jawo jinkiri. Jami'a ce ke aika wa jami'a, ba a hannunka ake ba ka ba, kuma ba a gaggawa a ofisoshin da ke wannan aiki. Ka nema da wuri.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, kuma ba a cika faɗa wa masu nema ba. MBA digiri ne na ƙwarewar aiki. An tsara shi ne don manaja da shugaban ma'aikata da mai kamfani: lissafin kuɗi, tallata haja, tafiyar da ma'aikata, tsara dabarun kamfani. Wanda burinsa ya zama malamin jami'a ko ya yi digirin digirgir, abin da ya fi dacewa da shi MSc ne, wanda ke da zurfin bincike. Jami'o'inmu da dama ba sa ɗaukar mai MBA kai tsaye zuwa digirin digirgir. Sai sun tura shi ya yi MSc ko MPhil tukuna. Sau da yawa mutum sai ya ɓata shekara biyu da kuɗi masu yawa kafin ya ji wannan magana. Tambaya ɗaya a makarantar gaba da digiri ta isa ta raba ka da wannan wahala.

Shiga ba shi ne gamawa ba. Akwai jarrabawar tantancewa a wasu jami'o'in, akwai darussa na zango uku zuwa huɗu ga mai karatun cikakken lokaci, fiye da haka ga mai zuwa Juma'a da Asabar, sannan akwai kundin bincike da za ka rubuta a ƙarshe. A arewa, Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero a Kano da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna cikin wuraren da aka sani. Masu son karatu daga gida suna da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Karatu ta intanet ba laifi ba ne; abin dubawa shi ne ko NUC ta amince da jami'ar da kuma shirin nata.

Mai son fita waje zai tarar da ƙarin sharuɗɗa. Manyan makarantun Amurka da Turai suna neman gogewar aiki ta wasu shekaru, da jarrabawar GMAT ko GRE, da wasiƙun shaida daga shugabannin wurin aiki, wasu kuma da jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Sakamakon GMAT yana aiki har shekara biyar, na IELTS kuwa shekara biyu kawai. A Amurka karatun yakan kai shekara biyu, a Ingila da Faransa kuma yawanci shekara ɗaya ce.

Game da jami'o'in maƙwabta kuwa, a yi hattara. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano da ke Jamhuriyar Benin cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Wannan mataki ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah, kuma duk wanda digirinsa na farko ke da irin wannan tambaya, MBA ɗin da ya ɗora a kai ma ba zai tsira ba.

NUC tana wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su da kuma na bogi a shafinta na intanet, kyauta. Ka duba sunan makarantar a can, ka je ofishinta da ƙafarka ko ka shiga shafinta na gaskiya, kuma kada ka tura kuɗin makaranta zuwa asusun wani mutum komai daɗin bakinsa.