Laƙabi da Laifi

Hausawa kan ce suna linzami ne. Masana zamantakewa ma sun daɗe suna nazarin yadda sunan da jama'a suka laƙaba wa mutum yake jan rayuwarsa. A 1963 Howard Becker, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana a littafinsa mai suna Outsiders cewa aikin da mutum ya yi ba shi kaɗai ke mai da shi kangararre ba. Sai jama'a sun kira shi haka, sunan kuma ya bi shi.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne binciken da William Chambliss ya wallafa a 1973. Ya yi shekara biyu yana lura da ƙungiyoyi biyu na samari a wata makarantar sakandare ta Amurka. Ta farko yara takwas ne, ƴaƴan masu hali, ya kira su Waliyyai. Ta biyu yara shida ne, ƴaƴan talakawa, waɗanda za a iya fassara sunansu da Taƙadarai. Waliyyan nan, duk da sunansu, gwanayen gudun makaranta ne, suna shan giya, suna tuƙin ganganci, har sukan cire alamun gargaɗi daga inda ake gyaran hanya. Amma a shekara biyun nan ba a tsare ko ɗayansu ba. Suna da motoci, saboda haka can nesa da gida suke ɓarnarsu, in kuwa ɗan sanda ya tare su sai su yi ladabi su ba da haƙuri. Taƙadarai ba su da mota. A tsakiyar gari suke taruwa, idon kowa na kansu, faɗansu da ƴan sace-sacensu ba sa ɓoyuwa.

Abin da kan biyo baya shi ne wanda Edwin Lemert ya kira kangara ta biyu tun a 1951. Yaron da malamai da ƴan sanda suka ɗauka ɓatacce ne, ƙofofi sai su riƙa rufe masa, ya koma cikin irinsa, a ƙarshe shi ma ya yarda haka yake.

Bakwai daga cikin Waliyyai sun gama jami'a. A cikin Taƙadarai, biyu ne suka kai can, albarkacin wasan ƙwallo, suka zama malamai. Wasu biyu kuwa an ɗaure su a gidan kaso kan laifin kisan kai.