A+, CCNA ko RHCSA: Wace Takardar Shaida Ya Kamata A Fara Nema?

Matashin da ke son cin abinci da gyaran kwamfuta ko haɗa netwok yakan rikice tun a matakin farko. Takardun shaidar ƙwarewa suna da yawa, kuma da dala ake yanka kuɗin jarrabawarsu, don haka zaɓen tumun dare na iya cinye ajiyar wata da watanni.

Wadda aka fi ambata ita ce A+ ta CompTIA. Jarrabawa biyu ce, kowacce da kuɗinta, kan sassan kwamfuta, firinta, ɗora Windows da gano matsala. Ta dace da wanda bai taɓa kwance kwamfuta ba. Amma wanda ya shekara biyu yana gyaran waya da laftof a kasuwa irin Farm Centre ta Kano, rabin abin yana hannunsa tuni. Gara ya adana kuɗinsa.

Inda kuɗin ya fi cancanta shi ne CCNA ta kamfanin Cisco. Tun watan Fabrairun 2020 aka dunƙule ta zuwa jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301, ta minti 120. Tana buƙatar sanin yadda saƙo ke tafiya daga wata na'ura zuwa wata, yadda ake saita rauta da siwic, da lissafin raba adireshin IP zuwa ƙananan rukunoni. Wannan lissafin ne ke kayar da mutane da yawa, ba don wuya ba, sai don ana so a yi shi da sauri, agogo na tafiya, kuma ba a komawa kan tambayar da aka wuce. Ba sai an sayi na'urorin ba kafin a yi atisaye: manhajar Packet Tracer kyauta ce, a cikinta mutum zai haɗa netwok na ofis sukutum, ya lalata, ya gyara. Sai dai a kwamfuta take aiki. Kallon bidiyo a waya kaɗai ba zai kai mutum ba.

Mai sha'awar sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet da bayanan kamfanoni, Linux zai sa a gaba. Jarrabawar RHCSA ta Red Hat babu canki-canka a cikinta: kwamfuta ake ba mutum a ce ya aiwatar da aikin. Duk cibiyar da har yanzu ke tallar MCSA kuwa a yi hattara da ita, domin Microsoft ya daina bayar da wannan takarda tun Janairun 2021.

Dukkan ukun shekara 3 suke yi kafin a nemi sabuntawa. Wanda ya ci jarrabawa ya ajiye takardar a akwati yana jiran sai ya gama makaranta, agogonta ya riga ya fara bugawa.