Shigar Burtu a Ma'aunin Kimiyya

Duk mai sauraron labarai a rediyo ya saba jin an ce wane ya yi shigar burtu ya shiga gari, wato ya ɓad da kama don kada a gane shi. Kwanan baya na tambayi ɗalibaina na shekarar farko ko akwai wanda ya taɓa ganin burtu da idonsa. Hannuwan da suka tashi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Maganar tana bakin kowa, amma tsuntsun da ya haife ta, da maharban da suka ƙago dabarar, sun fara zama labari. Wannan maƙala za ta duba yadda shigar burtu take aiki bisa ilmin halittu, da dalilin da ya sa dabba take yarda da ita, da kuma inda ake irin wannan shiga a wasu sassan duniya.

Ranar da na fara gani

Ina aji biyu na sakandare kawuna ya tafi da ni taron maharba a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa. An gama girbi, hunturu ya kama, maharba sun zo har daga ƙasar Ƙanƙara, kowa da kwari da baka ko bindigar toka, riguna duk layu. Ana kiɗa, ana busa ƙaho, ana kirari. Can sai Sarkin Baka ya ɗaga hannu, fili ya yi tsit. Daga cikin ciyawar da ke gefen fage sai ga kan wani baƙin tsuntsu mai dogon baki ya bayyana. Ya sunkuya kamar yana tsintar fara, ya ɗago, ya waiga dama da hagu, ya yi taku biyu, ya sake sunkuyawa.

Na ce, "Kawu, wannan tsuntsu ba ya tsoron mutane ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, bar kallon kai, dubi ƙasa."

Da na duba sai na ga gwiwoyin mutum. Wani dattijo ne ya lulluɓa da baƙin zane, ya ɗaura kan burtu a goshinsa da maɗauri, yana rarrafe. Irin wannan kai akan sassaƙa shi da itace a naɗe da fata, wani lokaci a haɗa da ainihin bakin tsuntsun, a yi masa ado da jajayen ƙwayoyin idon zakara. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: idan ni da nake da hankali ya ruɗe ni na ɗan lokaci, me barewa take gani?

Wane ne burtu?

Sunan burtu a wurin masana shi ne Bucorvus abyssinicus. Ɗan'uwan cilakowa ne, amma shi a ƙasa yake yini. Tsayinsa ya kai kimanin mita ɗaya, nauyinsa kuma wajen kilo 4. Jikinsa baƙi ne wuluk, sai in ya tashi sama a ga fararen fuka-fukai a bakin fiffikensa. Namiji yana da jar fata a maƙogwaro haɗe da shuɗiya, macen kuwa shuɗiya ce duka. Yana da wani ƙoƙo a saman baki da dogon gashin ido mai kare shi daga ƙura. Abincinsa fara, ƙadangaru, macizai, ɓeraye da ƙananan kunkuru. Da asuba miji da mata sukan yi wani kuka mai kauri kamar bugun ganga daga nesa.

Abin lura a nan shi ne burtu yana kiwo wuri ɗaya da barewa da gada da gwanki, a fili ɗaya, cikin ciyawa ɗaya, kuma ba ya cutar da su. Sun saba da shi kamar yadda shanu suka saba da balbela. Ga shi kuma babba, ga tafiya a hankali. Da wuya a sami wani tsuntsu a dajinmu da mutum mai rarrafe zai iya sajewa da shi kamar wannan.

Abin da barewa take gani

Kowace dabbar daji tana da wata tazara wadda in maƙiyi ya ƙetare ta sai ta zura da gudu. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, shi ya yi fice wajen bayanin wannan abu, wanda za mu iya kira tazarar gudu. Tazarar tana canjawa gwargwadon wanda ya tunkaro. Mutum a tsaye kan ƙafa biyu, tun daga nesa za a guje masa. Burtu kuwa sai ya zo dab ba a ɗaga kai ba. Matsalar maharbi ita ce kibiyarsa ba ta kai tsawon tazarar da aka ware wa mutum. Saboda haka sai ya ari tazarar burtu.

Idanun barewa suna gefen kai, don haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba, kuma ƙaramin motsi ba ya wuce ta. Amma wajen rarrabe launi mun fi ta. A cikin idon mutum akwai ƙwayoyin ganin launi iri uku, dabbobi masu kofato kuwa iri biyu gare su, shi ya sa ja da kore ba su bambanta sosai a wurinsu. Ashe ke nan idon zakaran da aka yi wa kan burtu ado da shi ya fi burge 'yan kallo bisa ga barewa. Abin da take dubawa shi ne siffa da salon motsi. Shi ya sa gwanin maharbi yakan shafe lokaci yana kallon burtu kafin ya kwaikwaye shi, don in taku ya saɓa, ko sassaƙa ta kai ina kyau, asiri ya tonu.

Masana ɗabi'ar dabbobi sun nuna cewa dabba ba ta auna dukan abin da ta gani, 'yan alamu kaɗan take kamawa ta yanke hukunci. A Ingila David Lack ya gwada wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji wanda ba ya yarda wani namiji ya shigo yankinsa. Ya tarar tsuntsun yana kai wa tarin jajayen gashi kawai farmaki, alhali yana ƙyale cikakken tsuntsun da aka cusa wa auduga in ba shi da ja a ƙirji. Haka kuma a 1950 Niko Tinbergen da abokin aikinsa suka buga sakamakon gwajinsu a kan 'yan tsakin wani tsuntsun bakin teku, waɗanda kan tsattsagi jan ɗigon da ke bakin uwarsu don ta ba su abinci. Da aka yanka kwali aka ɗiga masa ja, sai suka yi ta tsattsagarsa kamar uwarsu ce. Tinbergen ya sami kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch. Maharbanmu sun riga sun gano wannan ƙa'ida da gwaji: baƙin jiki, dogon baki, sunkuyo da ɗagowa, sun isa a ce burtu ne.

Sai dai shigar tana ruɗin ido ne kaɗai, ba ta ruɗin hanci. Don haka maharbi yakan saki toka ko ƙura ya ga inda iska ta nufa, sa'an nan ya tunkari dabbar ta inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajensa.

Dabbobi ma suna yi

Ɗan Adam bai riga sauran halittu wannan dabara ba. Henry Walter Bates ya yi shekara 11 a dazuzzukan Amazon, daga 1848 zuwa 1859, kuma a 1862 ya bayyana yadda wasu malam-buɗe-littafi marasa dafi suke kama da masu dafi, tsuntsaye su ƙyale su. Ba sai mun je Amazon ba. Duba tumfafiyar bayan makarantarku. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙin gefe da fararen ɗigo, Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya ta tara dafinsa a jiki. Macen wani iri dabam, Hypolimnas misippus, ba ta da wannan dafi, amma ta ɗauko kamarsa har sai an lura sosai kafin a bambanta su.

Wancan kwaikwayon kare kai ne. Na maharbi kuwa kwaikwayon farauta ne, kuma shi ma akwai shi a daji. A nahiyar Amurka akwai wani shaho mai kama da ungulun ƙasar a launi da yadda yake riƙe fiffike, har yakan bi ayarinsu a sama. Ƙananan dabbobi sun san ungulu mushe take ci, ba su ɓuya, sai shahon ya faɗo musu. Bambanci ɗaya ne: shahon da kamarsa aka haife shi, maharbi kuwa koyo ya yi, ya kuma koya wa ɗansa.

Daga farauta zuwa wasa

Abin da na gani a wancan taro ba farauta ba ce, nuni ne, kuma jama'a sun ji daɗinsa ƙwarai. Sha'awar haɗa siffar mutum da ta dabba tsohuwa ce. A 1939 an tono wani gunki na hauren giwar zamanin da a wani kogo a Jamus, jikin mutum da kan zaki, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 40,000. Mu ma a tatsuniyoyinmu Gizo yana da mata, Kura tana zuwa kasuwa, Dila malami ne. A birnin Wagadugu na Burkina Faso yara sukan sa fuskokin dabbobi su yi wasan Dodo da dare a watan azumi, wasan da fataken Hausawa suka kai can a ƙarni na 19.

A Amurka wannan sha'awa ta zama ƙungiya tun shekarun 1980. Masu ita suna kiran kansu da wata kalmar Ingilishi mai ma'anar "mai gashi", kuma sun yi babban taronsu na farko a Kalifoniya a 1989. Ɗaya daga cikin manyan tarukansu, Anthrocon, ya koma birnin Pittsburgh a 2006, kuma a 2023 mahalartansa sun haura 10,000. Baƙon da ya je karo na farko zai tarar da masu zane suna sayar da hotunan dabbobi masu hali irin na mutane, da jerin gwanon masu shigar kyarkeci da yanyawa da damisa, da tara kuɗi don gidajen kula da dabbobi. Mafi yawansu ba su sa cikakkiyar rigar, don tana da tsada. Waɗanda suka sa kuwa babban abokin gabarsu zafi ne. Jikin mutum yana da ƙofofin gumi fiye da miliyan biyu, kuma yana huce kansa ne in gumin ya bushe a iska. Rigar gashi tana tare iska, gumi ya zuba a banza, zafin jiki ya tashi daga digiri 37, in ya wuce 40 kuwa rai na cikin haɗari. Shi ya sa ake ware musu ɗaki mai fankoki da ruwan sha inda za su cire kawunan su huta. Wannan darasi ne ga duk mai shiga irin wannan a ƙasarmu mai zafi, ko a wasan kwaikwayon makaranta ne.

Shigar da ke ceton tsuntsu

Lorenz ya nuna cewa ɗan tsakon dinya yakan ɗauki abin da ya fara gani yana motsi a matsayin uwarsa. Wannan ya zama matsala ga masu renon tsuntsayen da suka kusa ƙarewa, domin tsakon da ya saba da fuskar mutum ba ya iya zaman daji. Akwai wani farin gauraka a Amurka da Kanada wanda a 1941 saura kimanin 20 kawai a duniya. Masu renonsa sai suka riƙa lulluɓa da farin mayafi, su riƙe sassaƙen kan gauraka a hannu suna ba 'yan tsaki abinci, ba su magana. A 2001 har suka ja ayarinsu da ƙaramin jirgin sama daga Wisconsin zuwa Florida don koya musu hanyar ƙaura. Dabarar dattijon nan ce ta Faskari, an juya ta daga kisa zuwa reno.

Burtu ma yana bukatar taimako. A 2018 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana. Dalilin yana cikin yadda yake haihuwa. Macen takan yi ƙwai ɗaya ko biyu a kogon babbar bishiya kamar kuka, ko a kogon dutse, ta kwanta kusan kwana 40, kuma galibi tsako ɗaya ke rayuwa, shi ma sai ya yi wajen wata uku kafin ya bar sheƙa. Tsuntsun da ke ƙaruwa a hankali haka, in aka sare manyan itatuwa don gawayi da noma, aka kuma kashe manyansa, ba ya farfaɗowa da wuri. A Afirka ta Kudu, shirin Mabula da aka fara a 1999 yana ɗauke tsako na biyu na ɗan'uwan burtu na can, wanda da mutuwa zai yi, a rene shi a mayar daji.

A yankinmu akwai dajin Kamuku na Birnin Gwari, kusa da Sabuwa, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da dajin Kogo na Faskari, wanda a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga shi zuwa wannan matsayi. Amma a watan Disamba na wannan shekara ta 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma rashin tsaron da ya addabi yankin ya raba manazarta da maharban kirki da daji.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Ba na ba kowane ɗalibi shawarar shiga daji. Akwai aikin da za a yi a cikin gari. Ku nemi tsofaffin maharban unguwarku, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su: yaushe suka ga burtu na ƙarshe, a ina, su nawa, a wace bishiya yake sheƙa? Ku rubuta amsar da sunan wurin da shekarar. In akwai mai kan burtu a rataye a ɗaki, ku roƙi izini ku auna shi, ku zana shi, ku tambayi da me aka yi shi. Malamin ilmin halittu kuma yana iya sa a sassaƙa kan da itace ko kwali, kada a taɓa tsuntsu mai rai, a gwada a filin makaranta: ɗalibi ɗaya ya tunkari zabi ko tantabaru a tsaye, wani ya tunkare su da rarrafe cikin shigar burtu, a auna tazarar gudu da tef sau goma goma, a kwatanta. Makarantar da ta yi wannan gwaji ta aiko wa wannan mujalla da alƙalumanta, tare da abin da dattawan garinta suka faɗa.