Yadda Ake Rarrabe Laimar Kwaɗi ta Siffofin Jikinta

Laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ba ta da fure ko 'ya'ya, tana yaɗuwa ne ta wata ƙura mai laushi da ke zubowa daga siraran shafukan da ke jere a ƙarƙashin hularta, kuma launin ƙurar na daga cikin manyan shaidun da masana ke dogara da su. Akan yanke hular a kife ta a kan takarda, a rufe da kofi ta kwana, da safe sai a tarar da zanen shafukan ya fito da launinsa.

Amfanin wannan gwaji ya fi bayyana a kan nau'in Chlorophyllum molybdites, mai fitowa cikin ciyawa da damina a ƙasashe masu zafi, wanda ke da farar hula mai ɓawo-ɓawo da zobe a kara, har ya yi kama da waɗanda ake ci, alhali yana jawo amai da gudawa mai tsanani cikin 'yan sa'o'i. Shafukansa farare ne tun yana ƙarami, sai ya manyanta suke rikiɗa, amma ƙurarsa koriya ce, abin da ba kasafai ake gani a wasu nau'o'in ba.

Gindi ma shaida ne, kuma shi mai gaggawa ya fi barowa a ƙasa. Dangin Termitomyces, waɗanda masani Bafaranshe Roger Heim ya raɗa wa suna a 1942, gara ce ke noma su a cikin shuri, shi ya sa akasarinsu ke da tsini a tsakiyar hula da doguwar saiwa mai nutsewa har ɗakin garar, ƙurarsu kuwa fara ce mai ratsin ja. Shi kuma Amanita phalloides, wanda ya fi kowane nau'i kisa a duniya, gindinsa na zaune ne cikin wata farar jaka da ƙasa kan rufe, saboda haka wanda ya yanke shi da wuƙa maimakon ya tono shi ya zubar da babbar alamar. Alamun gubarsa ba sa bayyana sai bayan sa'o'i 6 ko fiye, daga nan ta kama hanta, kuma dafuwa ko shanya ba sa karya ta.