Lissafin Amosanin Jini a Ƙasar Arewa

Daga Matankari har Kore Mairuwa, idan yaro ya kwana yana kuka da ciwon gaɓoɓi, idanunsa sun yi ɗorawa, hannayensa sun kumbura, tambayar da dangi ke yi ɗaya ce: daga ina ya kwaso, alhali uwa da uba lafiyarsu lau? Amosanin jini, wato emasi ko sikila, gado ne, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan makarantar sakandare ba.

Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayar gadon jini guda biyu, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. Lafiyayyar ana kiranta A, mai lanƙwasa ƙwayoyin jini kamar lauje ana kiranta S. Akwai ta uku, C, wadda ta fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, amma mu ajiye ta gefe.

A ƙaddara an auna jinin mutum 1,000 a wani gari na Dallol Mawri, aka samu AA 750, AS 240, SS (masu ciwon) 10. Ƙwayoyin gadonsu 2,000 ke nan. Masu AS sun kawo S guda 240, masu SS sun kawo 20, jimilla 260. A raba 260 da 2,000, a samu 0.13, na A kuwa 0.87. A 1908 Hardy, masanin lissafi a Ingila, da Weinberg, likita a Jamus, kowa da kansa, suka nuna yadda za a hango 'ya'yan da irin wannan gari zai haifa. A ninka 0.13 da kanta: jarirai 17 cikin dubu SS ne. A ninka 0.87 da 0.13, a ruɓanya: 226 AS ne. Sauran 757 AA.

Abin lura a nan, 240 daga cikin 260 ɗin nan suna jikin mutanen da ke noma gero, suna zuwa kasuwa, ba su taɓa sanin suna ɗauke da komai ba. Shi ya sa tsegumin "gidan su wane ne masu ciwon" ba shi da amfani. Kuma S ba ta ɓacewa, domin tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, wanda ke kama yara kowace damina a bakin tafkuna.

Lissafin Hardy ya ɗauka aure na haɗuwa ne da ka, mu kuwa muna son auren zumunci. Idan 'ya'yan wa da ƙani suka auri juna a garin misalinmu, 17 ɗin nan takan haura kusan 24. Idan kuma AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Gida ɗaya na iya samun uku a jere.

Jihar Kano ta kafa dokar awon jini kafin aure a 2024, Yamai kuma tana da cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo. Iyayen Dogon Dutsi da Tibiri, a kai yara awo tun kafin a karɓi goron tambaya. Bayan an sa rana, ba mai son jin sakamako.