Sandar Guragu Ma Na'ura Ce, Sai An Yi Mata Saiti

A Likoro da ke ƙaramar hukumar Kudan, wanda ya karye a hatsarin babur yakan nufi wurin mai ɗori, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Bayan ya dawo gida, sanda ce ke kai shi masallaci da kasuwa. Sau da yawa ta aro ce, ko wadda kafinta ya haɗa ba awo, kuma daga nan matsala take farawa.

Sandar hammata ta alminiyam tana da jerin huji da maɓallin ƙara tsawo ko rage shi. Idan majinyaci ya miƙe sanye da takalmi, a bar tazarar yatsu 2 zuwa 3 tsakanin hammata da kan sandar. Mariƙin kuma ya zo daidai wuyan hannu, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Tafin hannu ne ke ɗaukar nauyi. Mai rataya jikinsa a hammata yana danne jijiya, har hannun ya yi sanyi ko ya kasa ɗaga wuyansa.

Kwagiri ana riƙe shi ne a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce ke gaba, wajen sauka kuma sanda da mai ciwon. Madogari mai ƙafa 4 ya fi tsare dattijo daga faɗuwa, amma shimfiɗaɗɗen daɓe yake so, yana wahala a rairayi da taɓon damina. Robar gindin sanda kuwa kamar tayar babur take, da ta suɗe sai santsi, don haka a sauya ta.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 na buƙatar kayan tallafi irin waɗannan, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. Hukumar tana da darasi kyauta a intanet mai suna TAP, wanda ke koyar da awo da amfani da sandunan tafiya, ana kuma iya buɗe shi a waya.

Sai dai likitan ƙashi ko na gashi ne ke faɗin yawan nauyin da za a ɗora wa ƙafar. Matashin da ke jinyar ɗan'uwa zai iya neman izini ya ɗauki bidiyon gwajin da aka yi a asibiti, domin a riƙa dubawa a gida.